Fumfuna Da Tsagar Siminti A Makewayi: Mu Gyara Tun Damina Ba Ta Zo Ba

A watan Oktoba na shekarar 2022 gwamnatin tarayya ta bayyana cewa Jigawa ce jiha ta farko a Nijeriya da ta rabu da yin bayan gida a fili, watau dukan ƙananan hukumominta 27 sun cika sharaɗi. Birnin Kudu da Gwaram suna cikin wannan lissafi. Mutane sun haƙa salga, sun kewaye wurin wanka, waɗansu sun shafe ƙasa da siminti, masu hali kuwa har tayil suka sa. Wannan abin godiya ne ga Allah, abin yabo ne kuma ga magidanta da mata da matasa waɗanda suka yi aikin da hannunsu.

Amma gini yana tsufa. Yayin da muke zagaya ƙauyuka daga Kangire da Sundumina zuwa Sara da Basirka, abin da muke yawan gani shi ne siminti ya tsattsage, gindin katanga ya yi baƙi, ƙasa ta yi santsi, ruwan wanka kuma ya kwanta a lungu ya ƙi fita. Maigida ya kan ce ai ƙazanta ce kawai, mata su ƙara sa hannu. Mata kuwa su goge yau, bayan mako biyu baƙin ya komo. Abin da muke so mu bayyana a wannan fitowa shi ne, fumfuna da tsagar siminti alama ce cewa ruwa ya rasa hanyar fita. Wanda ya goge fumfuna bai gyara hanyar ruwa ba, zai yi ta gugar har ran da katangar ta faɗi.

Alamu uku da ya kamata mu gane

Ta fari ita ce gansakuka, koriyar nan mai santsi da ke fitowa inda ruwa ke kwanciya kuma haske yana samunsa, kamar bakin rariya da gefen randa. Ta biyu ita ce fumfuna, mai baƙi ko toka-toka, mai warin ruɓa. Ita ta fi son duhu da laima, abincinta kuwa kumfar sabulu ne da dauɗar jiki da ke maƙalewa a bango da tsakanin tayil. Ƙwayoyinta ƙanana ne ƙwarai, suna yawo cikin iska kullum, ba wanda ya isa ya hana su shiga gida. Iyakar abin da za mu iya shi ne mu hana su laimar da za su tsiro a kai. Alama ta uku farin gari ne kamar kanwa da ke fesowa a jikin bulo ko filasta. Wannan gishiri ne da ruwa ya ɗauko daga cikin ginin, ruwan ya bushe ya bar shi a waje. Duk inda kuka gan shi, ku sani ruwa yana tafiya a cikin katangar kanta.

Makewayin kakanninmu ba shi da rufi. Rana ta kan shiga ta busar da shi kafin azahar, saboda haka fumfuna ba ta cika damunsu ba. Damuwarsu ita ce zaizayar gindin katanga, suka kuwa yi mata dabara da daɓe da makuba, watau ruwan ɓawon ɗorawa, wanda ke sa ƙasa ta yi tauri ta rage shan ruwa. Yanzu an shiga yayin ɗaki mai banɗaki a ciki, a gidajen malamai da na fastoci da na 'yan kasuwa. An rufe sama da kwano, an bar 'yar taga kamar tafin hannu, wani lokaci ma ba ta buɗuwa. A irin wannan ɗaki ne fumfuna ta sami gidan zama.

Ƙasarmu ma tana da nata hali. Kudancin Jigawa, da ke iyaka da Jihar Bauchi, ya fi arewacin jihar samun ruwan sama, a watan Agusta kuwa bango ya kan yi kwanaki bai bushe ba. Ga shi kuma ƙasa ce mai duwatsu, kamar yadda duk wanda ya ga duwatsun Birnin Kudu masu zanen mutanen dā ya sani. A wani gida ƙafa kaɗan za a haƙa a tarar da fa, a wani gidan kuma laka ce mai riƙe ruwa. Tilas kowa ya san irin ƙasar gidansa kafin ya shirya wa ruwa hanya.

Me ya sa za mu damu?

Da fari, saboda lafiya. A shekarar 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora a kan laima da fumfuna a cikin gidaje, inda ta nuna cewa masu zama a ɗaki mai laima sun fi fama da tari da shessheƙa da tashin ciwon asma. Ƙasa mai laima inda najasa ta taɓa kuwa, nan ne 'ya'yan tsutsar ciki mai shan jini ke rayuwa. Su kan huda fatar ƙafa su shiga jikin wanda ya taka ba takalmi, su jawo ƙarancin jini, musamman ga yara da mata masu ciki. Cin ruwa na tsakanin yatsun ƙafa ma a irin wannan wuri ake ɗaukarsa. Kwatamin da ruwan wanka ke taruwa a bayan katanga kuma gidan sauro ne.

Na biyu, saboda faɗuwa. Tsohuwa da ta zame a kan gansakuka ta karya ƙugu, sau da yawa ba ta sāke miƙewa kamar dā. Haka mace mai tsohon ciki, haka mai jego wadda ke wankan ruwan zafi safe da yamma har kwana arba'in. Ku tuna kuma yawan ruwan da ake zubarwa a wankan jego, dukansa a kan wannan ɗan daɓe yake sauka.

Na uku shi ne wanda ya fi tsoratar da mu. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ruwa ma haka yake. Ya kan bi ta tsagar siminti ya jiƙa ƙasar da ke ƙarƙashi, ƙasar ta lotsa, simintin ya rasa abin da zai zauna a kai, ya ƙara fashewa. In salga tana kusa, ruwan ya ci bakin ramin a hankali, ran da aka yi ruwan sama mai ƙarfi sai ta rufta. Iyalin da salgarsu ta rufta a tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa kuma kowa yana gona, ba su da kuɗi ko sukunin haƙa wata. Sai a koma bayan gari. Kada mu manta da shekarar 2021, lokacin da cutar amai da gudawa ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, fiye da 3,000 suka rasu, Jigawa kuwa tana cikin jihohin da abin ya fi tsanani. Sunan da jiharmu ta samu a 2022, salga mai aiki a kowane gida ce kaɗai za ta riƙe mana shi.

Wannan damuwa ba sabuwa ba ce. Masu karanta Littafi Mai Tsarki za su tuna cewa a Littafin Firistoci sura 14 an ba Isra'ilawa ka'ida a kan tabon da ke fitowa a bangon gida. Firist ya kan duba, a rufe gidan kwana bakwai, in tabon ya yaɗu a ciro duwatsun da ya kama, a kankare bangon, a sa waɗansu duwatsu, a yi sabon yaɓe. Ba a yarda a shafe shi a rufe ido ba. Mu ma abin da muke roƙo ke nan.

A fara da hanyar ruwa

Kafin ku sayi siminti, ku ɗauki bokitin ruwa ku zuba a tsakiyar wurin wankan, ku tsaya ku duba inda ya nufa. In ya gudu zuwa rariya ya fita, madalla. In ya kwanta a lungu ko ya koma gindin katanga, to, gangaren ne bai yi daidai ba. Daɓen wanka yana bukatar ya gangara wajen inci ɗaya a kowace ƙafa huɗu zuwa bakin rariya. Rariyar kuma kada ta zama rami kawai a jikin katangar ƙasa. A sa guntun bututun roba ya zarce katangar da kamu ɗaya ko fiye, a liƙe kewayensa da siminti ciki da waje.

Sa'an nan sai a tambaya, ina ruwan zai je bayan ya fita? Kada a juya shi cikin salgar gargajiya. Ruwan buta na tsarki ba ya ɓata rami, amma ruwan wankan dukan gida zai cika shi da wuri, ya kuma narkar da gefensa. Kada kuma a sake shi a kan hanya ya dami maƙwabta. Inda ƙasa take da yashi, a haƙa ramin tsotse ruwa, faɗi da zurfi kamar mita ɗaya, taku uku ko huɗu daga katanga. A cika shi da manyan duwatsu a ƙasa, matsakaita a tsakiya, tsakuwa a sama, a rufe da tsohon buhu da ƙasa domin sauro kada ya sami ruwa a fili. Dutse kam ba ma rashinsa a nan. A bakin bututun a ajiye gwangwani mai huji-huji da 'yar ciyawa a ciki domin ta tare kumfa da gashi, a riƙa sāke ciyawar kowane mako. In ba a yi haka ba, kumfar sabulu za ta toshe ramin.

Inda laka ce ko fa, ramin ba zai sha ruwa ba. Sai a ja 'yar kwata a kai ruwan gindin ayaba ko gwanda ko zogale, nesa da gini. Ruwan da ya zama wahala sai ya koma abinci. Amma kada a shayar da ganyen da ake ci ɗanye da shi. Ramin salga da ramin tsotse ruwa duka su yi nesa da rijiya, ma'aunin da ma'aikatan tsabta ke bayarwa shi ne mita 30, kuma a gangaren rijiyar, ba a samanta ba.

Bayan ruwa, sai iska da rana. In wurin wankan yana da rufi, a bar tazara tsakanin kan katanga da kwano, ko a sa bulo mai huji a bango biyu masu fuskantar juna domin iska ta ratsa. A bar ƙofa a buɗe bayan an gama wanka. A nan akwai abin lura. Salga mai bututun iska, wadda Peter Morgan da abokan aikinsa suka ƙirƙiro a ƙasar da yanzu ake kira Zimbabuwe a shekarun 1970, tana son cikinta ya yi ɗan duhu, domin ƙuda da ke cikin rami su bi hasken da ke kan bututun, ragar da ke bakinsa ta tare su su mutu. Wurin wanka kuwa haske yake so. Saboda haka ya fi kyau a raba su da 'yar katanga, kowanne da nasa daɓe.

Gyaran daɓen siminti

Ku ƙwanƙwasa daɓen da ƙotar fartanya. Inda ya yi ƙara kamar ganga, ƙarƙashinsa fanko ne, tilas a fasa wurin, a cika da tsakuwa da ƙasa a daddage, sa'an nan a zuba sabo. Inda tsaga ce kawai, a faɗaɗa bakinta da babbar ƙusa da guduma yadda kwaɓin zai sami wurin shiga. A share ƙura sarai, a wanke kumfar sabulu, a jiƙa wurin. A dama siminti zalla da ruwa kamar koko a shafa, tun bai bushe ba a cusa kwaɓin siminti kwano ɗaya da yashi kwano uku.

Yashin ya zama mai tsabta. Ga yadda za ku gwada: ku zuba shi cikin kwalba har rabi, ku cika da ruwa, ku girgiza, ku ajiye. Yashi zai kwanta a ƙasa, laka ta kwanta a kansa. In lakar ta yi kauri, a wanke yashin ko a nemi wani, domin laka tana hana siminti kamawa. Kada kuma a cika ruwa a kwaɓi don a ji daɗin shafawa, ruwa mai yawa yana rage ƙarfi.

Inda daɓe ya haɗu da katanga, nan ne ruwa ya fi samun ƙofa. A hau da simintin jikin katanga kamar ƙafa ɗaya, a bi kusurwar da gindin kwalba ta yi lanƙwasa, domin datti kada ya sami lungun ɓuya. Amma a sani siminti ba ya kama katangar ƙasa da kyau, ya kan ɓamɓare, ruwa ya shiga bayansa. In da hali, a gina layi biyu na dutse ko bulo a gindin katangar ta ciki, a yi filasta a kansu. Kada a goge saman daɓen ya yi sumul kamar madubi. A bi shi da katako ko tsintsiya mai laushi ya yi ɗan kaushi, saboda tsofaffi.

Abin da ya fi lalata mana aiki shi ne gaggawa. Siminti da ruwa yake yin ƙarfi, in ya bushe da wuri ya kan yi rauni ya tsattsage. A rufe shi da jiƙaƙƙen buhu, a riƙa yayyafa ruwa safe da yamma har kwana 7, cikakken ƙarfinsa kuwa sai wajen kwana 28. Iskar hunturu tana busar da shi da sauri, sai a ƙara kula. Tun kafin a fara aiki, a kafa zana a wani gefe inda iyali za su yi wanka na mako guda, in ba haka ba wani zai taka shi washegari.

Masu tayil

Tayil kansa ba ya shan ruwa sosai. Farin simintin da aka cusa tsakaninsu shi ke sha, shi ke yin baƙi, shi ke zaizayewa. In ya zube, ruwa ya shiga ƙarƙashi, tayil ya fara motsi. Ku ƙwanƙwasa kowane ɗaya da mabuɗi, wanda ya yi ƙarar fanko a ɗaga shi a sāke dasawa. Sauran kuwa a kankare tsohon simintin da guntun zarton ƙarfe, a hankali kada a ɓalle bakin tayil, har a kai mai ƙarfi. Shafa sabo a kan ruɓaɓɓe asarar kuɗi ce. A share, a ɗan jiƙa, a kwaɓa farin siminti da kauri kamar tuwo mai laushi, kaɗan kaɗan. A danna shi cikin tsagar da guntun tsohon silifa, ana jan sa a karkace. Bayan kamar minti 20 a goge saman tayil da jiƙaƙƙen soso. Kada a yi wanka a wurin sai bayan kwana biyu ko uku.

Muna gargaɗi a kan ruwan asid, har da ruwan batir, da waɗansu ke wanke tayil da shi domin ya yi fari. Siminti daga dutsen farar ƙasa ake yinsa, asid kuwa yana narkar da shi. Tayil zai yi ƙyalli yau, amma kowace wanka ana cinye abin da ke riƙe da shi, ga kuma haɗarin ƙuna a hannu da ido.

Wanke fumfuna

Bayan an gyara hanyar ruwa ne wanki zai yi amfani. A fara da ruwa da omo da burushi ko tsohuwar tsintsiya. Kada a kankare fumfuna a bushe, ƙurarta za ta shiga hanci. A ɗaura ƙyalle a hanci, a buɗe ƙofa, mai ciwon asma kuwa ya bar wa wani aikin. A daɓen siminti, toka da yashi suna cire gansakuka ba tare da an kashe ko kwabo ba. In baƙin ya ƙi fita, a sami bilic irin su Hypo ko Jik, a zuba awo ɗaya cikin ruwa awo 10, a shafa, a bari minti 10, a goge, a ɗauraye.

Ku ji wannan da kyau. Kada a haɗa bilic da wani maganin wanke masai, domin da yawa cikinsu suna da asid, haɗuwarsu tana tayar da iska mai guba wadda ke iya shaƙe mutum a ƙaramin ɗaki. Fitsari ma ba ya jituwa da bilic, a fara kora ƙasa da ruwa tukuna. Kada a ɗura shi a kwalbar lemo, yara za su ɗauka abin sha ne. Bayan haka, al'ada guda ta isa: wanda ya yi wanka na ƙarshe ya kore ruwan da tsintsiya zuwa rariya, ya shanya soso da tawul a rana.

Aikin wa ne?

A gidaje da yawa mata ke wanke makewayi, kuɗin siminti kuwa yana hannun maigida. Uwargida ta san inda ruwa ke kwanciya, domin ita ke kore shi kowace safiya. Maigida, ka shiga tare da ita, ku zuba bokitin ruwan nan ku duba tare. Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan kaka, daga Nuwamba zuwa Janairu, sa'ad da an sayar da gyaɗa da riɗi, bango ya bushe, rijiyoyi kuma ba su ja baya ba tukuna. Wanda ya jira bazara zai rasa ruwan shayar da siminti, wanda ya jira damina kuwa ya makara.

Buhun siminti mai kilo 50 ya fi ƙarfin facin gida ɗaya, wanda aka buɗe aka ajiye kuma ya kan sha laima ya daskare. Gida uku ko huɗu su haɗa kuɗi su sayi buhu ɗaya, su kira birkila ɗaya, su gama a rana ɗaya. Muna roƙon Zumuntar Mata da ƙungiyoyin matasa su fara da makewayin majami'a da na gidan fasto, domin mai koyar da tsabta ya kamata a gani a wurinsa. Daga nan a yi gayya a gidajen gwauraye da tsofaffi waɗanda ba su da mai yi musu. Kwatami da sauro ba su san gidan Kirista da na Musulmi ba, saboda haka a shawarci mai unguwa da maƙwabta a yi aikin tare, a nemi duba-gari ya nuna inda ya dace a haƙa rami.

Ku karanta wannan a taronku na mako, ku bayyana wa waɗanda ba su iya karatu ba. Ƙungiyar da ta gwada, ta aiko mana da labarin abin da ya yi da abin da ya gagara, domin sauran ƙauyuka su ƙaru. Allah ya ba mu lafiya da ƙarfin yin aikin.